Zoben Malam Ummaru a Tabarmar Dillali

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kulob ɗin Mirgine na Sansanin Ma'aikatan Dam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar jama'a, da yadda aka ji da ruwan bana. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, sunana Haruna Bawa, mahauci ɗan mahauta a Talata Mafara, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan kulob ɗin da kake shugabanta. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce mini ka tafi duba magudanan ruwa ko kana da baƙi. Na bar saƙo, ban ji komai ba. Shi ya sa na rubuto ta jarida, inda kowa zai gani, kuma saboda masu karatu da ba su san mu ba, ka yi mini haƙuri in fara daga tushe.

Na farko, yadda zoben ya samu. Lokacin da Turawan kamfani suka kafa sansani don aikin dam na Bakolori, ni ke kai nama ɗakin girkinsu. A bayan ɗakin cin abinci suna da wani dogon fili mai yashi da aka daddaɓe, inda suke mirgina ƙwallaye masu nauyi da yamma, kowa na neman nasa ya fi kusa da wani ɗan ƙaramin ƙwallo da aka jefa can gaba. Mu muka sa wa wasan suna mirgine. Wani tsohon injiniyansu, wanda muke kira Mai Lofe don ba ya rabuwa da lofensa, shi ya fara miƙo mini ƙwallo ya ce in gwada. A nan na san Malam Ummaru, mutumin Maradun. Gonarsa ta gado tana cikin waɗanda ruwan dam ya cinye, ya dawo direban tankar da ke yayyafa ruwa a hanyoyin sansani, har da filin wasan. Mutum ne siriri, marar yawan magana, mai sanyin hannu. Bibbiyu ake shiga gasar ƙarshen shekara, sai muka haɗa kai. Mun sha kaye har muka zama abin dariya, kafin shekarar da Allah ya ba mu nasara. Zoben zinariya Turawa suka saba bai wa waɗanda suka ci gasar. Malam Ummaru ne ya gaya wa Mai Lofe cewa namiji Musulmi ba ya sa zinariya, aka mayar da shi na azurfa, kuma a haka al'adar ta zauna har yau. Ina ganin ko 'yan kulob da yawa ba su san wannan ba. Na Malam Ummaru ya yi masa yawa, sai wani maƙeri a Maradun ya yanke shi ya sake haɗewa, tabon haɗin ya fito ta ciki.

Na biyu, yadda ya bar hannun masu shi. Malam Ummaru ya rasu a farkon damina bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar arba'in sakataren kulob ya zo gaisuwa, muka ji daɗin zuwansa. A zauren gidan, gabana da gaban ƙanen mamaci, ya ce kulob na haɗa akwatin gilashi don tunawa da waɗanda suka ci gasa suka riga mu gidan gaskiya, yana roƙon a ba da aron zoben har a yi gasar bana. Aka shiga aka gaya wa matar mamaci, Dije, tana cikin takaba. Can sai ga zoben a ƙulle a bakin wani ɗan ƙyalle, da saƙon cewa tun da abokan wasansa ne ke son ganinsa ba za ta hana ba, amma aro ne. Kalmar aro ta fito daga bakin sakatare, ta kuma fito daga bakinta. Na shiga ɗakin kulob bayan haka, ban ga akwatin gilashi ba, ban ga kafintan da aka ba aikin ba.

Na uku, inda na gan shi. Wata ranar Talata, kasuwa ta cika, na bar rumfata zan je alwala, sai na bi ta layin masu agogo da zobba. A tabarmar wani dillali na hango zoben mirgine har guda uku a jere. Na tsuguna na ɗauki ɗaya, na juya cikinsa, sai ga tabon haɗin nan. Ranka ya daɗe, na ci abinci kwano ɗaya da mai zoben nan shekara da shekaru, ba zan kasa gane shi ba. Na tambayi dillalin inda ya samo shi. Bai ɓoye mini ba, don shi bai ga laifi a ciki ba. Ya ce, "Alhaji, wanga ba shi na na farko ba. Sakatarenku ka kawo min su. Wasu tsofaffi, wasu sababbi dal daga wurin maƙeri a Bakura." Ya ce 'yan kwangila da 'yan kasuwa ke rububinsu, domin duk wanda ya sa shi masu gadi ba sa tsayar da shi a ƙofar sansani, kuma in ya shiga ofis ana yi masa kallon ɗan gida. Na roƙe shi ya ajiye mini har in tashi daga rumfa. Da na dawo bayan la'asar, an riga an saya.

Bayan kasuwa biyu ko uku wanda ya saya ya zo rumfata da kansa, wani matashin ɗan kwangila mai fara'a. Ya miƙo hannu yana nuna mini cinyar da yake so, zoben abokina a yatsansa. Na ce masa zoben ya yi kyau. Ya ce ai a gasar sansani ya ci shi. Na yanka masa namansa, na ƙara masa gyara, ya tafi. Ban tozarta shi ba, kuma ba zan faɗi sunansa a nan ba. A kasuwa ya gani a shimfiɗe da rana tsaka ya saya. Ƙaryar da ya yi tasa ce, amma ba shi ya je zauren mamaci ya ce aro ba.

Na huɗu, abin da ba na ƙorafi a kai. Tun da aiki ya ja baya aka sallami mutane, na san waɗanda suka sayar da nasu zoben don hatsi ko maganin iyali. Wannan ba abin kunya ba ne. Abinsu ne, da hannunsu suka ci, da hannunsu suka sayar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi amana daga mace mai takaba a kai kasuwa, da kuma a riƙa ƙera sababbi ana sayar wa wanda bai taɓa ɗaga ƙwallon ba. Idan haka ta ci gaba, matasan da ke fitowa fili kowace yamma suna gumi, me za a ba su a ƙarshen shekara da ba za su iya samu a tabarmar dillali ba?

Na biyar, halin da Dije ke ciki. Duk lokacin da na aika da nama gidan, sai ta aiko a tambaye ni ko an gama akwatin. Da ta fita takaba na je Maradun, muka zauna a zaure da ƙanen mijinta, na gaya mata gaskiya duka. Ba ta yi kuka ba. Na cire nawa na ajiye a gabanta, na ce iri ɗaya ne, rana ɗaya aka ba mu, ta riƙe. Ta tura mini shi da bayan hannu ta ce, "Malam Haruna, mai da abinka. In na amsa, sai su ce an biya ni, magana ta ƙare. Ni aro na ba su." Ta ce gona ta tafi a ruwa sun yi haƙuri, don an ce amfanin jama'a ne. Wannan kuwa ba ta ga jama'ar da ya amfana ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A nemi wanda zoben ke hannunsa cikin mutunci, kulob ya fanso shi, a mayar wa Dije. Wanda ya karɓo shi ya kai shi da ƙafarsa zauren da ya karɓa, ya nemi gafara. A tara 'yan kulob a tambayi iyalan sauran mamata ko su ma an karɓi nasu, don ban san na su wane ne sauran biyun da na gani ba. A dakatar da maƙerin Bakura, kuma daga bana a riƙa zana sunan wanda ya ci a jikin zoben. Ni dai ba zan shiga gasar bana ba sai an cika roƙona na farko, ko da yake na san rashin tsoho ɗaya ba zai hana a yi wasa ba.

Ban ce da saninka aka yi ba, ranka ya daɗe. Na fi so in ɗauka ba ka sani ba. Amma yanzu ka sani. Da an gama yankan shinkafa Dije za ta koma wurin danginta a Janbako, kuma ka san hanyar can, wanda ya tafi ba kasafai ake sake ganinsa ba. Ni na yi alkawarin samo motar da za ta kwashe kayanta. Kafin ta hau za ta tambaye ni, kuma duk abin da kuka yi, ko kuka ƙi yi, shi zan gaya mata ba ragi ba ƙari.

Allah ya taya ka riƙon jama'a, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka gama shugabancinka lafiya. Allah ya jiƙan Malam Ummaru da sauran magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshen.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna Bawa, layin mahauta, Talata Mafara.