Ganyen da Na Ɗauka Rama Ce

Irene 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Na ji 'yarki Becky ta warke, gwiwar babanku tana nan yadda take, ɗan'uwanki Jethro kuma har yanzu yana tsare. Ni lafiya nake a Kanada, abinci ne dai ba ya shiga.

Ki gaya wa lauya ni na aiko wa babanku man gwiwar nan da aka kama Jethro da shi. Na ga hoton ganye a jikin kwalbar, na ɗauka rama ce, don Turancin ya fi ƙarfin karatuna na yaƙi da jahilci. Ashe wiwi ce. A nan doka ta yarda mutum ya riƙe giram talatin, a gida kuwa ko ɗigo laifi ne. Jethro karɓowa kawai ya je yi.

Ki amsa mini kafin Litinin, ranar kotu: in na dawo na ce ni ce, za su sake shi?

Mamanki,
Rifkatu