Hannun Baba da Motar Talabijin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Baba, ya kuma ɗawainiya? Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Tunda kin rantse ba za ki ƙara ɗaukar wayata ba, wai ba na barin ki ki kai ƙarshen magana, to ga takarda. Ita dai ba ta katse mutum.

Ranar da na yi waya da Baba, duk da harshensa bai gama warwarewa ba, na gane wasan motar nan na talabijin da likita mai gashin ƙashi take sa shi yi a asibiti ya shiga ransa. Cewa ya yi, "Auta, na koma kan hanya." Har da dariya, Yaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ban ji dariyarsa ba sai ranar. Ya kuma ce min likitar ta ce da zai riƙa yi a gida kullum, yatsun za su fi saurin buɗewa, domin watannin farko su ne masu muhimmanci.

Shi ya sa na saya masa na'urar gem irin ta asibitin, da wasan iri ɗaya, da talabijin. Kada ki ce na yi gaggawa. Yini guda na yi ina zagaya shaguna. Na ƙi wata saboda in ka kalle ta daga gefe hoton yana dushewa, kin san kuwa Baba a karkace yake zama yanzu. Na ƙi wata saboda tana ɗaukar hasken fitila kamar madubi. Wadda na zaɓa babba ce, don kada ya riƙa ƙanƙance ido, hotonta kuma sumul yake, har duwatsun gefen titi za ki iya gani.

Abu uku nake roƙo. Kada a kafa ta tana fuskantar taga. A sa tsakiyarta daidai idon Baba in yana zaune a kujerarsa. A kuma bar tazara, kada ta yi masa kusa ta sa shi jiri. Sauran saiti masu shagon sun ce su za su yi, aikinsu ne.

Jirgin ruwanmu zai tashi cikin makon nan, kin kuma san in muka shiga teku babu waya sai mun dawo tasha. Ki rubuto ta ofishin kamfani, za su ajiye min.

Ki gaishe min da Baba sosai. Ki ce masa in na dawo za mu yi tsere, ba kuma zan raga masa ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, kayanka ma sun iso. Muna nan lafiya, in dai wannan ake kira lafiya.

Da ka yi yini guda kana zagaya shaguna, ko sau ɗaya ka tuna faɗin falonmu? Ko kuwa ka daɗe ba ka shige shi ba har ya ƙara girma a ranka? Abin nan da ka aiko sai da aka cire ƙofa kafin ya shiga. Bangon da ba ya fuskantar taga guda ɗaya ne, shi ne wanda keken ɗinkina yake jingine da shi tun Mama tana da rai. Yanzu kekena yana lungun hanyar banɗaki. A nan nake auna masu kawo ɗinki, in wani zai wuce sai mu manne da bango kamar ƙadangaru. Na gode ƙwarai.

Masu shagon naka sun zo, sun huda bango, sun cika min gida da ƙura. Suka kunna wani hoton kifaye da furanni, suna ta latsa rimot har kala ta yi kamar za ta zubo ƙasa. Babbansu ya ce, "Anti, kin ga hoto? Mun ƙure miki komai, babu abin da muka rage." Na ce na gani. Suka soka wayar gem ɗin, suka ga ya kawo, suka kama gabansu.

Ba zan ɓoye maka ba, Baba ya yi murna. Ya sa na ɗauko masa tsohon tabaraunsa na tuƙi, ya ce a gyara masa hula. Na ɗora masa abin riƙewar da ake tuƙa motar da shi a cinya, na lanƙwasa masa yatsun dama ɗaya bayan ɗaya kamar yadda likitar ta koya min. Ya dubi titin nan ya cika bango, ya ce, "Kai, yaron nan ya iya zaɓe." Ka ji, ka samu yabonka. Ni da nake juya shi a gado, in yi masa wanka, in share masa baki, ban taɓa jin an ce na iya komai ba.

To, a kwanar farko ta titin ya daki katanga da motar. Ya yi dariya, ya ce sabuwar mota ce, sai sun san juna. Ya sake, ya sake dukan katanga. Ni da idona na ga ya murza yatsa, amma motar sai ta wuce kwanar sannan ta juya. A asibiti fa, a kan 'yar ƙaramar talabijin ɗinsu mai tsagaggen gefe, yana zagaye fili gaba ɗaya bai goga ko'ina ba, har masu jinya suna tsayawa kallo. Na karɓa na gwada, ni ma na faɗa rami, amma ni ko hawan keke ban iya ba, ba abin mamaki ba ne.

Na ce masa gajiya ce. Ya ce haka ne. Bai ci abincin rana ba.

Ina fatan teku tana yi maka daɗi. Baba yana gaishe ka.

Yayarka

*

Auta,

Salama. Ban ga amsarka ba, ban kuma yi tsammani ba. Ina rubutawa ne don kada wata rana ka ce ba a faɗa maka ba.

Baba ya daina. Amma kafin ya daina, wallahi ya yi ƙoƙari, kada ka taɓa cewa bai yi ba. Kullum da hantsi zan zaunar da shi, ya ɗauki abin nan ya yi ta fama har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tun yana wasa da abin, yana cewa birkin motar ne ya mutu, har ya daina barkwancin. Sai na ga ya fara wani abu da ya tsorata ni. In ya daki katanga ba ya kallon talabijin, hannunsa yake kallo. Ya ɗago shi da na hagu, ya juya shi, ya ajiye.

Wata safiya na kawo masa abin riƙewar, ya ce in mayar. Na ce, "Baba, ko kaɗan ne." Ya ce, "Uwata, zauna." Ka san ba ya kira na haka sai magana ta yi nauyi. Ya ce, "Ni direba ne. Na san lokacin da hannu ya yi abu a kan kari, na san lokacin da ya makara. Ina ba shi umarni, ina jin kamar ya yi, amma ga shaida a bango, ya makara. Wato ba hannun kaɗai ba ne, har kan ma ya fara yi min ƙarya. A asibiti sun rage wa abin wuya ne don su faranta min. Na ƙaninki shi ne na gaskiya."

Ka ji? Naka shi ne na gaskiya. Domin kai ka saya, kai ne mai ilimin na'ura, abin da ka aiko ba ya kuskure.

Ranar zuwa gashi na shirya shi, mai mota yana jira a ƙofa, ya riƙe hannun kujera ya ce ba ya zuwa. Wai ba zai je yarinyar nan ta ga ya koma baya ba, bayan ta yi ta yabonsa a gaban mutane. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi kuka, a banza. Likitar ta kira, na ce mata jiki ne ya motsa, domin ya hana ni faɗa mata komai. Ko 'yar ƙwallon robar da yake matsawa ya sa na cire daga ɗakin. Wayarsa ma ya ce in kashe, ba ya son abokansa direbobi su riƙa tambayarsa ya hanya.

Yatsun sun fara komawa ciki, Auta. Da safe in zan wanke masa tafin hannu sai na sa ƙarfi kafin su buɗe, yana cije leɓe.

Talabijin ɗinka kuwa tana nan lafiya ƙalau. Maƙwabta suna shigowa kallon ƙwallo, kowa yana sa maka albarka. Ina jin haushinka, ina jin haushin abin nan da ya cinye min bango, ina kuma jin haushin kaina da ban san abin da zan yi ba. Na gaji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na gaji.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa. Yau muka shigo tasha, aka ba ni wasiƙunki biyu a haɗe, na karanta su a tsaye a bakin ofis.

Ba hannun Baba ba ne! Wallahi tallahi ba hannunsa ba ne, ba kuma kansa ba. Talabijin ɗin ce.

Ki saurare ni da kyau. Irin waɗannan manyan, kafin su nuna hoto sai sun tsaya sun gyara shi, su goge, su ƙara kala, su sa motsi ya yi sumul. Wannan gyaran yana cin lokaci, kamar ƙiftawar ido ko fiye. Mai kallon labarai ko ƙwallo ba zai taɓa sani ba. Amma mai tuƙi, in ya juya yanzu, sai bayan ƙiftawar nan zai ga motar ta juya, kwana kuwa ta riga ta wuce. Da masu shagon suka ce sun ƙure komai, jinkirin suka ƙure. Ta asibiti ba ta da wannan kwalliyar, shi ya sa take bin hannunsa nan take. Babu wanda ya rage masa wuya. Shi ya yi da kansa.

Ki ɗauki rimot, ki shiga wurin saitin hoto. Za ki ga jerin zaɓi, a ciki akwai na gem, da ɗan zanen abin riƙewa a gefensa. Ki danna shi. Hoton zai ɗan dushe, kada ki damu. Shi ke nan, Yaya. Dannawa ɗaya ce.

Na san da saitin nan. Na tsaya ina lissafa miki taga da tazara, na bar wa masu shago abin da ya fi komai. Ban san yadda zan kalli Baba ba.

Amma ke ma, Yaya, don Allah. Tun da na sauka nake kiran ki, lambata a toshe take. Na kira ta Baba, a kashe. Maganar da za a gama a minti ɗaya, ga shi sai ta bi takarda ta yi kwanaki a hanya. Kuma da kin faɗa wa likitar gaskiya, da ta gane tun ranar farko. Ban faɗi haka don in ɗora miki ba, na san ke kike ɗauke da komai, amma ni ma ɗansa ne, ki bar min ƙofa ko ƙarama.

Na nemi hutu, sun ce sai wanda zai canje ni ya iso. Kada ki jira ni. Ki danna, ki ba shi, ki karanta masa wannan in ya ƙi yarda.

Ki gaishe shi. Ki ce masa bai makara ba ko sau ɗaya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso.

Na danna. Hoton ya dushe kamar yadda ka ce. Na gwada, motar ta bi yatsana nan take, ni da ban iya ba har na sha kwana biyu ban daki katanga ba. Sai da na shiga lungun kekena na yi kuka mai isata kafin na kawo shi falo.

Na karanta masa wasiƙarka tun daga sallama har sa hannu. Na tuƙa a gabansa don ya gani. Ya kalla har na gama, sannan ya ce, "To ai ke hannunki lafiya lau yake, uwata. Ki ce wa Auta na gode, ya daina ɗora wa na'ura laifi don ya faranta min."

Na ce ya gwada sau ɗaya tak. Bai yi musu ba, ya miƙo min hannun. Na yi, na yi, yatsun sun ƙi buɗewa yadda abin riƙewar zai shiga.

Ya ce in mayar masa da talabijin ɗin tashar labarai.

Na buɗe lambarka. In ka kira, kada ka tambaye shi mota.

Yayarka