Yayana Ne Ya Yi Wa Mijina Tiyatar Baya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina. Duk wanda na juya in faɗa wa, sai in tarar yana da ɓangare a cikin maganar.

Maigidana mai aski ne. Shagonsa kujera biyu ne da dogon madubi, kuma a tsaye yake yini. Ciwon baya ya daɗe yana cin sa. An taɓa yi masa tiyata shekarun baya, ya samu sauƙi, daga baya ciwon ya dawo har ya sauko masa ƙafar hagu. Ta kai sai ya jingina da kujera yake ƙarasa aski, yana murmushi gumi na zuba.

Yayana, wanda nake bi, likitan tiyatar ƙashin baya ne. Aminin maigidana ne, ta dalilinsa ma muka haɗu. Babu mai taɓa kan Yaya sai shi. Maigidana yakan tsokane shi cewa su biyu duk da wuƙa suke cin abinci, bambancin kawai nasa mutanen ba sai an sa su barci ba. Da hoto ya nuna ƙashi ya danne jijiya, Yaya ya so tura shi wurin wani abokin aikinsa. Maigidana ya kafe, ya ce babu mai buɗe masa baya sai wanda ya sani. Na sa baki, Umma ma ta sa, har Yaya ya amince.

Ranar aikin, Yaya ya fito da hular tiyata a hannu, ya ƙi zama. Ya ce an cire abin da ya danne jijiyar, amma an samu matsala. Akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe laka da jijiyoyinta, da ruwa a cikinsa. Tabon tsohuwar tiyata ya manne masa, garin rabawa ya yage. Ya ce ya ɗinke wurin da zare siriri kamar gashi, ya ɗora faci, ya bi da gam irin na tiyata. A gabana ya faɗa, da gaban yayar maigidana. Ni "an ɗinke" na ji, ita kuwa ba ta ji komai ba sai "ya yage".

Aka kwantar da maigidana rigingine, ko matashi babu. Da cokali nake ba shi abinci, har bukatarsa a kwance yake yi, mutumin da ko tari ba ya so a ji yana yi. Aka sallame mu, ciwon ƙafa ya tafi, na ɗauka an gama.

Ashe da saura, Anti. Yanzu da ya miƙe tsaye sai kansa ya ɗauki ciwo kamar zai tsage, har da tashin zuciya, in ya kwanta ya lafa. Wurin ɗinkin ya kumbura, da taushi. Wani lokaci in zan wanke rigarsa sai in ga bayanta ya jiƙe da ruwa garau, ba jini ba, ba mugunya ba. Shago a rufe, masu zuwa wurinsa sun koma tsallaken titi. Yini yake yana kallon rufin ɗaki, autarmu ta zo ta kwanta gefensa tana kwaikwayonsa, ta zaci wasa ne.

Yayarsa tana bin dangi tana cewa an koyi aiki a jikin ƙanenta, da bare ne da tuni ana kotu. Shi bai taɓa zagin Yaya ba, amma ranar da ya zo duba shi, bango ya juya wa fuska. Yaya ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, ya tafi. Kullum yana kira na, yana roƙo in kawo shi asibiti ko da wurin wani ne, wai ɗinkin ne ke yoyo. Da na faɗa wa maigidana, sai ya ce in na sake kawo masa maganar Yaya, to in tattara in bi shi. Tunda muka yi aure bai taɓa yi mini irin wannan maganar ba.

Matar Yaya ta ce ya rame, ya bar wa wasu aikin baya, sumarsa ta taru ya ƙi zuwa ko'ina a aske. Umma kuka kawai take yi. Ni kuma ina tsakiya, na rasa wanda zan ji wa tausayi. Shin yayana ne ya nakasa mijina? In saɓa wa maigidana, ko in zuba ido?

Ƙanwar Likita, Matar Mai Aski

'Yar uwata, ban jira fitowar wannan shafi ba, na riga na aika miki amsa ta inda kika rubuto. Na maimaita ta a nan ne saboda masu irin halinki.

Matsala biyu kika haɗa, ɗaya ce ta gaggawa. Na tuntuɓi likita. Ciwon kai in an miƙe, kumburi da ruwa garau daga wurin ɗinki alamu ne cewa tantanin yana yoyo, kuma ƙofar da ruwa ya fita, ƙwayar cuta za ta iya shiga ta kawo sanƙarau. A kai shi asibiti yau. In zazzaɓi ko sanƙarewar wuya ta biyo baya, kada ki tsaya neman izinin kowa. Abu ne da ake gyarawa, wani lokaci da kwanciya da ɗan bututun rage ruwa, wani lokaci a sake ɗinki. Amma wani likita daban zai gani, ba Yaya ba.

Wa zai shawo kan maigidanki? Yayarsa. Ki ɗauki rigar nan ki je ki nuna mata, kada ki kare kowa. Zafin bakinta tsoro ne, ƙanenta take so. Abin da ba zai karɓa daga ƙanwar likita ba, zai karɓa daga wadda ta goya shi.

Batun laifi kuwa, ba na ɗakin tiyatar, ba zan rantse ba. Sai dai likitoci sun san yagewar nan tana faruwa ko a hannun gwani, balle inda tsohon tabo yake. Mai son ɓoye ɓarna ba ya fitowa ya faɗe ta a gaban surukai. In akwai kuskure, amincewar da ya yi ce ya yi wa nasa aiki, kuma soyayya ce ta sa kuka matsa masa. Abin da ya kamaci Yaya yanzu shi ne ya ba sabon likitan cikakken bayanin abin da ya yi, ya ja gefe, ya nemi manyansa a wurin aiki su dafa masa. Akwai marasa lafiya da ke bukatar hannunsa.

Maigidanki kuma kada ki riƙe maganarsa a zuci. Mutumin da tsayuwa ce sana'arsa, ya wayi gari ba ya iya tsayawa, kuma ya san shi ya zaɓi likitan da bakinsa. Ba ki tsammanin rabin fushin da kansa yake yi? Ki daina kai saƙo tsakaninsu, ki ci abinci, ki je ki zauna da Umma ko da ba za ku ce komai ba.

Ba zan yi miki alkawarin amincinsu zai koma kamar da ba. Wataƙila ya koma, wataƙila gaisuwa kawai za ta rage, ki shirya wa duka biyun. Sulhu zai iya jira, wannan ruwan ba zai jira ba.

Allah ya tashi kafaɗarsa, ya sanyaya zuciyar Yaya, ya ba ki ladan haƙurin da babu wanda ya lura kina yi.

Anti