Inna, Na Auna Ruwan Gidan Rabi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ladabi da biyayya daga ɗiyarki ta fari, tare da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Maraɗi lafiya lau muke. Baba ma da sauƙi, gwiwar ce dai take taɓa shi jefi-jefi. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, mutane ne za su karanta ta a wayoyinsu. Duk da haka ke nake yi wa magana, domin akwai tambayar da kika tafi da ita ba a amsa miki ba, kuma wani abu ya faru a gidan Rabi da ya kamata ki ji daga bakina.

Kin tuna lokacin da aka kawo famfo unguwarmu a Tsibiri? Ni ba na nan. Tun da aka yaye ni kika ba Gwaggo Hajo ni, kamar yadda ake yi da ɗan fari, na tashi a Maraɗi ina shan ruwan gidanta. Sai an yi hutun lakwal, wato makaranta, nake zuwa wurinki. Amma ban manta yadda kike ɗaga kwanon sha ki nuna mini ruwan a hasken rana ba: ba laka, ba ƙwaro, ba warin guga. Kika ce kin huta da jan igiya, kuma ƙanwata Rabi ba za ta san ciwon cikin da ruwan rijiya yake sa yara ba.

Da ruwan nan Rabi ta tashi. Haƙoranta na girma suka fito da ja, kamar na tsohuwar da ta daɗe tana cin goro. Sannan ƙafafu suka fara lanƙwashewa, tafiya ta koma da ƙyar, in ta tsuguna sai an kama ta ta miƙe. Ba ita kaɗai ba ce, yaran layinmu da dama haka suka koma. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce nono ne. Kin goya ta zuwa wurin malamai, kin kai ta wurin wanzami, kin jiƙa sassaƙe iri-iri. Duk lokacin da na zo hutu, sai in ga kin dubi ƙafafuna, kin dubi nata, kin sunkuyar da kai. Ciki ɗaya, nono ɗaya. Ban gane abin da kike aunawa a zuciyarki ba sai da na girma.

Daga baya likitoci suka zo suka ce ruwa ne. Suka ce rijiyar famfon ta yi zurfi har ta ratsa wani dutse mai wani sinadari da ake kira fuluwor, wanda kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa kuma yana ɓata ƙashin yaro mai tasowa. Aka canza mana ruwa. Kin gyaɗa kai a gabansu, amma ba ki gamsu ba. Har yau ina jin muryarki: "Ruwan da na gani garai-garai da idona, ina abin ya ɓuya a ciki? In gishiri ne ai harshe ya ji."

Akwai ranar da na same ki kin zuba ruwan a tasa kin ajiye bisa rufin rumbu. Kika bar shi har rana ta shanye shi. Da kika sauke tasar, sai ga wani siririn farin zobe a gindinta. Kika dangwala yatsa, kika ɗanɗana, kika daɗe kina kallonsa. Abin da kawai kika ce shi ne, "To, mi ne ne sunanka?"

Kin rasu ina shekarar farko a jami'a, ban kai ga sanin komai ba. Yanzu ina aiki a wani labo a nan cikin gari, ɗakin da ake kawo mana ruwa da ƙasa da hatsi mu faɗi abin da ke cikinsu. Inna, mu ma muna yin aikin tasarki. Muna busar da ruwa a tanda, mu auna nauyin abin da ya rage. Sai dai wannan yana faɗin yawan abin ne kawai, ba ya faɗin sunansa. Sunan, wata hanya ake bi.

Bari in kwatanta miki. Akwai wani sanda da bai fi alƙalami kauri ba, a bakinsa an dasa wani ɗan dutse mai sheƙi. Dutsen nan bai kula da yawancin abin da ke cikin ruwa, fuluwor yake nema. In an tsoma shi a ruwan da ke da shi, sai wata ƴar wutar lantarki ta motsa, na'ura ta mai da ita lamba. Amma sandan bai san yawa da kaɗan ba sai an koya masa. Kowace safiya nakan haɗa ruwa kofi-kofi, wanda ni da hannuna na zuba wa fuluwor gwargwadon da na sani, in tsoma shi daga mai kaɗan zuwa mai yawa. Sai ya riƙe waɗannan, sannan in kawo masa baƙon ruwa ya gwada da su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tambayarki tana kan hanya: abin yakan ɓuya da gaske. Yakan manne wa wasu ƙarafa da suka narke a ruwan, sandan ya wuce bai gan shi ba. Shi ya sa muke fara zuba wani haɗi da zai raba su, ya fito fili. Ranar da aka koya mana wannan a aji, ke kaɗai nake tunani.

Harshe kuwa ba zai taɓa ji ba. Iyakar da aka yarda da ita a ruwan sha miligiram ɗaya da rabi ce a kowace lita, abin da bai kai ƙwayar gero ɗaya nauyi ba. Ko ya ninka haka sau da yawa, ruwan zai zauna garai-garai, da daɗinsa. Ba idonki ne ya gaza ba, Inna. Ba wanda zai gani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Rabi tana Jiratawa. Ta auri Malam Idi, mai noman albasa da zogale a fadamar da ake ban ruwa. Mutumin kirki ne, ya gina mata murhu mai tsayi don kada ta riƙa durƙuso. Suna da ɗiya ɗaya, takwararki, muna ce mata Ummi. Bana ta fara famfara. Da haƙoranta na gaba suka fito, Rabi ta ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a kansu, kamar an yayyafa alli.

Kin san Rabi ba ta son fita, ba ta son kallon da ake yi wa tafiyarta. Amma ranar nan ta sa aka ɗora ta kan babur ɗin kabu-kabu, Ummi a gaba, ita a baya, har ƙofar labo. Tana riƙe da tsohon bidon, wato jarkar mai, da ta cika da ruwan famfon gidansu. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ɗaga leɓen yarinyar ta nuna mini. Ta ce tun da ta ga ɗigon ta hana ta shan ruwan gida, na leda ake saya mata, kuma kullum da safe sai ta tsai da ita jikin bango ta duba ko gwiwoyinta sun fara haɗuwa. Na dubi yadda take kallon ƙafafun Ummi, sai na ga fuskarki.

Ruwan bidon ba zai aunu ba, ƙanshin mai yana tashi daga cikinsa. Washegari na bi su Jiratawa da robobinmu wankakku. Na bar famfon ya zuba na ɗan lokaci don ruwan da ya kwana a bututu ya fice, na ɗauraye robar da ruwan kansa, sannan na cika. Na ɗebi na randa, na ɗebi na famfon lakwal ɗin su Ummi, har na rijiyar gonar Malam Idi, inda yarinyar take wuni ranar da ba karatu.

Duka suka fito ƙasa da iyaka, nesa ma da ita. Na sake koya wa sandan, na maimaita, amsar ba ta canza ba. Na yi hamdala, amma ban huta ba. In ba ruwa ba ne, daga ina?

Na koma na kwana a gidansu. Da safe ina zaune a tsakar gida ina kallon Rabi tana dama kunu, sai na ga ta ɓantaro kanwa mai girma ta jefa a tukunya. Na tambaye ta. Ta ce tun da aka yaye Ummi kunun kanwa ne karin kumallonta, ba ta cin komai sai shi, kuma in cikinta ya kumbura takan jiƙa mata kanwar ta sha. Wani ɗan kasuwa ne yake kawo wa Malam Idi ita dunƙule-dunƙule, shekara da shekaru daga wuri ɗaya. Sai na tuna kanwa daga busasshen tabki ake haƙo ta, wurin da ruwa ya ƙafe ya bar duk abin da ya ɗauko daga duwatsu. Na roƙi ɓalli ɗaya na ƙulle a leda.

Na daka ta, na narkar, na tsoma sanda. Lambar ta yi tsalle har na ja kujera baya. Amma ban yarda nan take ba, domin kaifin kanwa yana ruɗa sandan, ya ɗauki wani abu a matsayin fuluwor. Na kashe kaifin da ruwan tsami har ya daidaita, na sake. Lambar ta sauko, amma ta tsaya a sama. Na ƙara fuluwor da na san yawansa don in ga ko na'urar za ta faɗi gaskiya, ta kuwa faɗa. Sannan na shiga babbar kasuwa na sayo kanwa wurin mutane daban-daban, ja da fara da ungurnu. Wata kusan babu komai a cikinta, wata akwai. Ta gidan Rabi ta fi duka. Har yanzu ina son in san tabkin da ta fito, da abin da ya bambanta shi da sauran.

Muka kai Ummi wurin likita. Ya duba ƙashinta ya ce lafiya lau yake, ba abin da ya taɓa shi. Ya ce ɗigon ba zai goge ba, kuma ba zai iya rantsuwa cewa kanwar ce kaɗai ba, amma a daina ba ta. Aka daina. Yanzu kokon gero take sha da tsamiya, bayan ta yi rigimar da sai da Malam Idi ya sa baki.

Abin da na fi tsoro shi ne yadda Rabi za ta ɗauki maganar. Da na faɗa mata, sai ta ce da hannunta ke nan ta riƙa ba ɗiyarta. Na ce mata haka ke ma kika riƙa faɗa, har kika koma ga Allah, kuma ba ta taɓa ganin laifinki ba ko sau ɗaya. Ta ce wallahi ba ta taɓa ba. Na ce to ta yi wa kanta irin adalcin da ta yi miki. Ta yi kuka, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da aka fitar da ke. Da ta share ido sai ta ce in nuna mata na'urar.

Na kai ta cikin labo, na ba ta kujera mai tsayi, na sa ta riƙe sandan da kanta ta tsoma a ruwan randarta. Ta zuba wa lambar ido har ta tsaya. Sai ta tambaye ni ko a lokacin da take ƙarama ba a ƙirƙiro wannan abu ba tukuna. Inna, na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce akwai shi, ba a dai tsoma shi a ruwanmu da wuri ba. Ta daɗe tana juya sandan a hannunta. Ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi in ba ta robobi ta tafi da su.

Yanzu matan layinsu suna kawo mata ruwan gidajensu da ɓallin kanwarsu, ita ke nuna musu yadda ake ɗauraye roba, ita ke hawa kabu-kabu ta kawo. Shugaban labo ya yarda mu riƙa aunawa in aiki ya lafa. Rabin da ba ta leƙa ƙofar gida, yanzu masu babur na tashar Jiratawa sun san sunanta. Ummi kuma ta ishe ni da tambaya. Jiya cewa ta yi ko ruwan sama ma yana da wani abu a ciki, tun da bai taɓa dutse ba. Na ce ban taɓa aunawa ba. Mun wanke babbar roba mun kife a ɗakin uwarta, muna jiran hadarin farko.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya sanyaya makwancinki, Ya sa wahalar da kika sha a kanmu ta zama nauyi a mizaninki. Ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ya raya mana takwararki a kan ƙafafunta, Ya tsare yaran mutane daga abin da ido ba ya gani, Ya haɗa mu da ke a gidan da ba ciwo.

Taki har kullum,
Balki