Masara a Filin Wasa

Asabar da dare, Sangere

Kaina ciwo yake, amma sai na rubuta wannan ko na huce.

Wata uku ina shirya wasan ƙwallon nan, shi ne aikina na kwas ɗin tsara wasanni. Tun da rani na je Mbamoi, Jauro, mai garin, ya ba ni filin bayan gari. Ban sake leƙawa ba, ina ɗaki ina gyara takardu.

Yau muka isa da ƙungiya biyu, da alƙalin wasa, da malaminmu riƙe da takardar maki. Me za mu gani? Masara har gwiwa, daga wannan raga zuwa waccan!

Na nufi dattijon da ke noma a ciki, raina a ɓace. Ya ce, "Ɗana, daga Madagali muka gudo. Jauro ne ya ce in shuka nan. Yanzu in tuge ne?"

'Yan wasa kuwa sai dariya suke, wai a raba musu fartanya.

Malam bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Cewa kawai ya yi, "Yaushe rabonka da filin?"

Ba tsohon nake jin haushi ba, kaina ne. Ɗan manomi guda, shekara uku a jami'a, na manta akwai damina.

Jibi zan miƙa rahoto. A wajen dalilin fasa wasa, kalma ɗaya na iya rubutawa: masara.