Kakin Rami Na Uku

Zuwa ga Baban Sa'adatu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Riɗin bana ya yi kyau. Sa'adatu ta sauka a Wad Madani, namiji, an sa masa sunanka.

Ƙanenka Haruna ya zo ya karɓi algaitarka, wai gadon gidanku ce. Na ba shi da hannu biyu. Ka tuna kakin zuman da muka liƙa a bakin rami na uku don muryarta ta daina hawa? Na ƙanƙare shi tas da allura kafin in miƙa masa.

Shekara shida ni ce kunnenka, tun da zazzaɓi ya taɓa maka ji. Kana busa a tsakar gida ina tankaɗe, in ta yi sama in ɗaga yatsa, in ta yi ƙasa in sauke, kai kuma ka gyara karan bakinta. Ba wanda ya sani sai Haruna, abokin busarka. Shi ya sauya maka kara da guntu a ɓoye ranar bikin nan na garin Dinder. Tasa na gabas, taka na yamma, samari na dariya, kai kana jinjina musu, ka ɗauka daɗi suke ji.

Ina cikin mata, na ji tun busar farko. Kunya ta hana ni ratsa maza in ɗaga maka yatsa. Ban taɓa faɗa maka ba. Ka yafe mini? Daga ranar ba ka sake kai ta baki ba har ka rasu.

Sau uku ke nan Haruna yana zuwa, yana durƙusa mini, wai muryar algaitar ta ƙi zama, ko na san sirrinta. Ya jiƙa kara, ya yanke, har Rusairis ya je neman sabo. In dafa masa jabana, gahawar nan tamu, in ce ina mace ta san busa.

Ya riga ya cika baki cewa da ita zai busa bikin Juma'a, a Dinder ɗin dai. Na san za ka ce in bar wa Allah. Na gwada, na kasa. Zan ɗaura tob ɗina, lulluɓin nan da ka saya mini, in tsaya inda zai gan ni. Da ya kai rami na uku zan ɗaga yatsa, gaban kowa. Ya san ma'anarsa.

Kakin yana nan ƙulle a bakin zanena.

Allah ya haskaka kabarinka.

Taka har kullum, kunnenka,
Uwar Sa'adatu