Ƙofar Gabas da Idon Direba

Litinin

Zuwa ga mahaifin ɗalibata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da fatan aiki na tafiya daidai. Ni ce malamar da ke kula da ƙungiyar masu ɗaukar hoto a makarantar 'yarka.

Takardar izinin fitarmu zuwa babban lambun shaƙatawa ta dawo mini babu sa hannunka, sai dai ka zagaye "ƙarfe shida da rabi na safe" da jan biro. Ba kai kaɗai ba ne. Yawancinmu mun ɗauka hoto ya fi kyau idan rana ta take tsaka, tunda a lokacin haske ya fi yawa. Ni ma haka na zata shekara da shekaru. Ashe ranar tsaka daga sama take dukan mutum, ta cika masa kwarmin ido da inuwa, ta ƙone launin ganye. Ranar safe kuwa a kwance take shigowa, tana shafar komai daga gefe. Amma ba ta cika awa ɗaya.

Na je na duba wurin da kaina. Da na isa bakin tafkin da ke ciki, sai na tarar da farin tururi kwance a kan ruwa, rana na ratso itatuwa sanda-sanda, kowane ɗigon raɓa da tasa 'yar fitilar. Na fi minti biyar kyamara na rataye a wuyana, na manta da ita.

Ga shirinmu. Yara goma sha biyu, malamai biyu. Za mu hau bas daga makaranta mu sauka a tashar da ke tsallaken ƙofar gabas, don rana ta kasance a bayanmu idan mun shiga. Yara biyu-biyu za su riƙa tafiya, ɗaya na ɗauka ɗaya na duba masa hanya, domin mai ido a kyamara bai san inda ƙafarsa take ba. Babu mai matsawa gaɓar ruwa, babu mai ɗaukar wani sai ya nemi izininsa. Idan na busa usur, kowa ya dawo inda nake.

'Yarka ta ɗauki hoton famfon makaranta yana ɗiga, har shugabar makaranta ta tambaya ko daga mujalla muka yanko shi. Ba na son a je babu ita.

Ka huta lafiya.
Malama

Laraba

Zuwa ga Malama,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode. Allah ya saka da alheri a kan ɗawainiyar yara. Uwata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, domin rubutuna kamar kaza ta yi tonon tsaba yake. Uwata nake kiran 'yar tawa saboda sunan mahaifiyata gare ta.

Malama, ba sammakon ne ya dame ni ba. Direban bas ne ni, kafin shida na riga na zagaya gari sau ɗaya. Shekara goma sha bakwai ina bin jikin katangar lambun nan. Ban taɓa shiga ba, amma wajensa na san shi kamar yunwar cikina.

Daidai ƙofar da kika zaɓa titi ke karya kwana ya fuskanci gabas. Layi shida ne, babu gadar masu ƙafa. Wannan rana mai kwanciya da kike yabo, mu a kan gilashin gaba take kwanta mana. Daga shida da rabi zuwa bakwai, duk direban da ya shawo kwanar nan makaho ne na tsawon numfashi uku. Bara wata mata ta tsallaka da yaro a hannu. Ban gan ta ba sai da inuwar wani dogon gini ta rufe mini gilashi. Na taka birki har fasinjoji suka zube a kan juna. Tsakanin hancin mota da zanenta bai kai kamu ɗaya ba. Har yau idan na zo wurin, sai na rage gudu.

Kin ce yara goma sha biyu za su tsallaka nan, a wannan lokaci. Ban sa hannu ba, kuma da ni ne uban sauran, da su ma ban sa ba. Ki yi haƙuri, ba raini ba ne.

Na gaishe ki.
Babanta

Malama, ni ce. Baba ya ce in rufe ambulan. Jiya na yi kuka har ya ce in kin tashi zuwa ɗaukar hoton hawaye ki zo gidanmu, akwai su da yawa. Don Allah kada ki haƙura da ni.

Juma'a

Zuwa ga mahaifin ɗalibata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya.

Jiya da safe na je na tsaya a tashar nan, na ɗauke ido daga lambun, na fuskanci motocin da ke shawo kwana. Gilashinsu duk ya zama farin ƙarfe, ban iya ganin fuskar direba ko ɗaya ba. Wasu sun ɗora tafin hannu a goshi, hannun kawai nake hangowa. Na yi ta tunanin yarana a jere a tsakiyar wannan titi, kowa na rungume da jakarsa, sai da na nemi benci na zauna.

Sau uku na je duba wurin kafin in rubuta takardar izini. Na auna zurfin gaɓar tafki da sanda, na san inda banɗaki yake da ɗakin ba da agaji. Duk zuwan da na yi da tasi nake zuwa, a ajiye ni a bakin ƙofa. Ban taɓa kallon hasken nan daga kujerarka ba. Na gode, kuma na soke ƙofar gabas.

Sai dai na shiga tsaka mai wuya. Babbar ƙofa ta yamma ba a buɗe ta sai takwas, kuma daga can zuwa tafki tafiyar rabin awa ce da ƙafar yara. Kafin mu isa, tururin ya tashi, rana ta miƙe. Shugabar makaranta ta ce in ba ta sabon shiri kafin Laraba, in ba haka ba a fasa fitar gaba ɗaya. Ni taswira kawai nake da ita. Kai kuwa shekara goma sha bakwai kana zagaya katangar. Ko akwai abin da taswira ba ta sani ba?

Ka gaida mini marubuciyarka. Ka ce mata ta adana hawayenta, ba mu kai nan ba tukuna.

Malama

Lahadi

Malama,

Salamu alaikum. Wannan da hannuna na rubuta, ki daure da karatun. Ban so Uwata ta ji, ta samu abin tsokanata.

Akwai wata 'yar koriyar ƙofa ta kudu, bayan garejin da muke wanke motoci. Masu ban ruwa da masu shara ke shiga ta nan tun biyar da rabi. Lungu ne marar ɓullewa, babu motar da ke gudu a ciki, bas zai iya tsayawa ƙofarsa na kallon ƙofar. Mai gadin wurin abokin shan shayina ne. Ya ce shi ba ya da ikon buɗe wa baƙi, sai kin kai takardar makaranta ofishin lambun sun buga hatimi.

Na ce masa bari in ƙirga taku nawa ne zuwa ruwan, don in gaya miki. Ya bar ni na shiga yau da sassafe. Na kai ɗari uku da ashirin, daga nan lissafi ya ɓace mini.

Malama, ashe babu ƙarar inji a ciki! Katanga ɗaya ce tsakanina da titin da nake bi kullum, amma har numfashina nake ji. Na ga tururin da kika faɗa. A tsakiyarsa wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, wani kuma irinsa sak a ƙarƙashinsa, kansa a ƙasa, a cikin ruwa. Ya sari kifi, sai na ƙasan ya wargaje, sannan a hankali ya sake haɗuwa. Ni da na ɗauki ranar safe abokiyar gaba, yau na tsaya tana dukan ƙeyata, ban san sanda na ce Allahu akbar da ƙarfi ba, har wani mai shara ya waigo. Na makara da fita aiki, karo na farko a shekara tara.

Ga takardar izini nan, na sa hannu. Na yi magana da maigidana, ya ba ni ƙaramin bas ranar Asabar. Ni zan ɗauko ku daga makaranta in mayar da ku. Idan kun shiga, ni zan jira a mota. Harkar hoto ta 'yan boko ce.

Babanta

Laraba

Zuwa ga direbanmu na Asabar,

Wa'alaikumus salam. An buga hatimi, shugabar makaranta ta amince. 'Yarka ta yi tsalle a aji har ta kifar da kujera.

Na karanta rubutunka tsaf, ban tsallake kalma ba. Zuwana huɗu wurin, ban taɓa ganin zalɓen nan ba. Kyamarorin ƙungiya bakwai ne, yara shida za su riƙe, ɗaya ta rage a akwati. Maɓalli ɗaya kawai ake dannawa, bai kai birki tauri ba. Ka kulle motar ka shigo tare da mu. Ka juya wa rana baya, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi, ka jira zalɓen ya sunkuya.

Sai mun gan ka, shida saura kwata.
Malama